Ko mahalba za su iya kare ƙasa daga mamaya?

1. Gabatarwa

Tun daga shekara ta 2012, lokacin da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka kame arewacin Mali, akwai wata tambaya da ke ta dawowa a ƙasashen Sahel: tunda sojoji ba su isa su tsare kowane ƙauye ba, mene ne ya hana a dogara ga mahalba? Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji masu ƙarfi. Mahalbi ya san daji, ya iya halbi, ba ya tsoron dare, kuma ba ya jiran albashi kafin ya tsaya wa garinsu. Ba a Sahel kaɗai ake wannan magana ba. A Faransa, misali, mahalba masu takardar izini sun kai kusan miliyan ɗaya, alhali sojojin ƙasar duka kamar 200,000 ne. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai iya cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, watau babu ƙasar da za ta mamaye mutane masu bindigogi da yawa haka.

A cikin wannan aiki za mu gwada wannan ra'ayi da abin da ya auku cikin tarihi. Za mu fara da bambanta aikin farauta da aikin yaƙi. Sa'an nan mu dubi ƙasashe biyu da aka mamaye alhali mazajensu gwanayen halbi ne, wato jamhuriyoyin Bowa na Afirka ta Kudu da ƙasar Finlan. Daga nan mu dawo gida, zuwa Lugu da Mubi. Abin da muke son nunawa shi ne: mahalba su kaɗai suna iya jinkirta mamaya, suna iya sa ta yi tsada, amma hana ta sai in suna cikin runduna mai tsari wadda gwamnati ke ciyarwa, take kuma yi wa jagora.

2. Abin da mahalbi ya iya da abin da yaƙi ke bukata

Sanin mahalbi sani ne na gaske. Yana karanta sawu, ya san inda ruwa yake da rani, yana iya kwanciya wuri guda tun daga almuru har asuba, kuma ya saba da cewa harsashi guda gare shi, in ya kuskure shi ke nan. A ƙasar Hausa sana'ar tana da shugabanni, kamar sarkin baka da sarkin dawa, tana da ladubbanta da asiranta. Duk waɗannan suna da amfani ranar yaƙi.

Sai dai yaƙin kare ƙasa yana neman abubuwa huɗu da farauta ba ta koyarwa. Na farko shi ne tsayuwa ƙarƙashin wuta: barewa ba ta mayar da halbi, ba ta kuma da igwa. Na biyu shi ne biyayya ga umurni guda. Mahalbi shi ke zaɓen lokacin fitarsa da na komawarsa, shi kuwa soja akan ce masa ya tsaya inda ba ya so, domin wani dalili da yake can nesa da shi. Na uku shi ne makami. Bindigar farauta ta zamani mai ƙananan darma ba ta cika kisa ba bayan mita 50, balle bindigar harba-ka-ruga, alhali Kalashnikov tana ɗaukar harsashi 30 kuma tana samun mutum daga mita 300. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne guzuri. A ɗauki mutum 1,000 a ba kowane kilo ɗaya na hatsi a rana: buhu 10 ke nan na kilo 100 kowace rana, buhu 300 a wata, ban da ruwa, da magani, da harsasai, da motocin da za su kai su. Mahalbi kuwa galibi manomi ne. In damina ta faɗi, gonarsa na kiransa, kuma babu mai noma masa.

Misalin Faransa da muka kawo yana nuna cewa yawan bindigogi cikin gidaje bai zama runduna ba. Da sojojin Jamus suka shiga ƙasar a shekara ta 1940, sun ba da oda a miƙa duk wani makami, har da bindigogin farauta, wanda ya ɓoye kuwa hukuncinsa kisa. Masu gwagwarmayar ɓoye da suka taso daga baya sun dogara ƙwarai ga makaman da jiragen Ingila ke jeho masu da laima.

3. Bowa: ƙasar da mahalba ne sojojinta

Bowa manoma ne Turawa, akasarinsu zuriyar mutanen Holan, waɗanda suka kafa jamhuriyoyi biyu, Transbal da Oranj, bisa ƙasar da suka ƙwace daga baƙar fata. In ana neman ƙasar da ta ɗora tsaronta bisa mahalba, to babu misalin da ya kai wannan. Ba su da sojan ƙasa na dindindin. Doka ta ce kowane namijinsu daga shekara 16 zuwa 60, in an yi kira, ya zo da dokinsa, da bindigarsa, da harsasai, da guzurin kwana 8. Mutanen gunduma guda su ne ƙungiya guda, kuma su ke zaɓen shugabanninsu. Tun suna yara suke halbin namun daji daga bisa doki.

Karon farko tsarin ya yi aiki. Ranar 27 ga Fabrairu 1881, a dutsen Majuba, Bowa suka hau dutsen suna laɓewa bayan duwatsu kamar masu bin nama, suka kashe sojojin Ingila kusan 90 tare da janar ɗinsu Colley, su kuwa mamatansu ba su kai biyar ba. Ingila ta yi sulhu, ta mayar wa Transbal mulkin kai. Amma a lura: ba ƙarfi ne ya ƙare wa Ingila ba. Gwamnatin Gladstone ce ta ga cewa ƙasar ba ta cancanci a ci gaba da zubar da jini dominta ba.

A shekara ta 1886 aka gano zinariya a Transbal, lissafin ya sake. Da yaƙi na biyu ya tashi ranar 11 ga Oktoba 1899, Bowa ba da bindigogin farauta suka fito ba. Gwamnatin shugaba Kruger ta riga ta sayo bindigogin yaƙi na Mauser fiye da 30,000 daga Jamus, da manyan igwogi na Krupp da na Creusot, kuma masu halba igwogin sojoji ne ƴan albashi masu horo. Watau ko a nan ma gwamnati ce ta ɗaure wa mahalbi gindi. Cikin mako guda na watan Disamba 1899 suka ci sojojin Ingila sau uku, a Stormberg, da Magersfontein, da Colenso, suna halbi daga cikin ramuka da harsasai marasa hayaƙi.

Daga nan raunin tsarin ya bayyana. Bowa sun iya tare hanya, amma ba su son auka wa wuri mai tsaro, domin kowane mamaci maƙwabci ne ko ɗan'uwa, shugaban da aka zaɓa kuwa ba ya iya tilasta wa waɗanda suka zaɓe shi. Sai suka ɓata watanni suna kewaye da garuruwa uku, Ladysmith da Kimberley da Mafeking, ba su ci ko ɗaya ba, jiragen ruwa kuwa suna ta sauke sojoji daga Ingila. Mutane sukan bar sansani su tafi duba iyali da gona ba da izini ba. Ranar 27 ga Fabrairu 1900 janar Cronjé ya miƙa wuya da mutum kamar 4,000. Babban birnin Oranj ya faɗi ranar 13 ga Maris, Piretoriya ranar 5 ga Yuni. Cikin wata takwas an mamaye ƙasashen biyu.

Waɗanda suka ƙi ajiye makami, ƙarƙashin De Wet da Botha da De la Rey, suka koma yaƙin sari-ka-noƙe, wanda shi ne ya fi dacewa da mahalbi. Sun riƙe shi shekara biyu. Ingila ta mayar da martani kan abin da ke ciyar da su: ta ƙone gidajen gona kamar 30,000, ta kashe dabbobi, ta gina ƙananan ganuwoyi kamar 8,000 ta haɗa su da waya mai ƙaya, ta tara iyalai cikin sansanoni. Mutum fiye da 26,000 na Bowa, akasarinsu mata da yara, suka mutu a can saboda cuta da ƙarancin abinci, haka ma baƙar fata aƙalla 14,000 a nasu sansanonin. Ranar 31 ga Mayu 1902 Bowa suka sa hannu, jamhuriyoyin biyu suka zama mallakar Ingila.

Ingila ta kawo sojoji kusan 450,000, ta yi asarar kamar 22,000, galibinsu ta hanyar cuta. Mahalba sun sa ta biya da tsada, amma ƙasar ta tafi, kuma iyalansu ne suka ɗauki mafi yawan nauyin.

4. Finlan: mahalbi cikin kakin soja

Ranar 30 ga Nuwamba 1939 Tarayyar Sobiyet ta auka wa Finlan, ƙasa mai mutum kamar miliyan 3.7, da sojoji fiye da 400,000. Akan kawo wannan yaƙi a matsayin shaida cewa mahalba sun kare ƙasarsu, kuma akan ambaci Simo Häyhä, manomi mahalbi, wanda ake danganta masa kashe sojojin Sobiyet fiye da 500 cikin kwana ɗari. Gaskiya ne mutanen karkarar Finlan sun san kurminsu. Suna tafiya bisa katakan zamiya cikin dusar ƙanƙara, sanye da fararen tufafi, cikin sanyin da yakan kai digiri 40 ƙasa da sifiri. A Suomussalmi, tsakanin Disamba 1939 da Janairu 1940, sun datse dogayen jerin motocin Sobiyet da suka maƙale bisa hanya guda cikin kurmi, suka yanyanka su gunduwa-gunduwa, suka tarwatsa manyan rundunoni biyu.

Amma waɗannan mutane ba farar hula ba ne. Finlan tana da dokar aikin soja na dole tun farkon shekarun 1920, kowane saurayi yana yin kusan shekara guda a bariki. Häyhä kansa ya yi nasa aikin soja, sa'an nan ya ci gaba da atisaye cikin ƙungiyar tsaron sa-kai da ke ƙarƙashin hukumar soja. Tun watan Oktoba 1939, kafin a halba ko harsashi guda, an kira mazaje kusan 300,000, kowane ya san ƙungiyarsa da hafsansa. Akwai babban kwamanda guda, Mannerheim, akwai jirgin ƙasa mai kai abinci da harsasai, akwai likitoci. Ba a fafe gora ranar tafiya ba.

Duk da haka, da Sobiyet suka sake shiri a watan Fabrairu 1940 suka tara igwogi da tankoki wuri guda, sun fasa layin tsaron, domin harsasan igwa sun yi wa Finlan ƙaranci. Aka yi sulhu ranar 13 ga Maris 1940, bayan kwana 105. Finlan ta rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasarta, mutum fiye da 400,000 suka bar gidajensu, amma ta tsira da ƴancinta. Bambancinta da Bowa bai tsaya ga iya halbi ba, domin duka biyun gwanaye ne. Bambancin yana ga horo da umurni da guzuri, waɗanda gwamnati ta shirya shekaru kafin ranar.

5. Lugu da Mubi

A ƙasarmu ma an taɓa gwada wannan al'amari. Ranar 16 ga Afrilu 1899 ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine ya auka wa Lugu, cikin ƙasar Arewa, kusa da Dogon Dutsi. Mutanen Sarauniya Mangu manoma ne da mahalba masu kwari da baka da kibau masu dafi. Da wuta ta yi masu yawa suka shige cikin kurmin da ke kusa, inda suka ci gaba da halbi. Bisa lissafin Faransawa kansu, an kashe masu mutum 4, an raunata 6, kuma sun ƙone harsasai kamar 7,000. Aka ƙone garin, Sarauniya ba ta shiga hannu ba. Wannan ya nuna abin da sanin daji ke iya yi: ya ceci rayuka, ya hana mamayi abin da yake so a ranar. Amma ayarin bai tsaya ba. Ya wuce ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu. Abin da ya kawo ƙarshen Voulet da Chanoine shi ne tawayen sojojinsu, waɗanda suka kashe su kusa da Tasawa a tsakiyar watan Yuli, bayan Voulet ya sa an halbe kanal Klobb. Ragowar ayarin kuma suka ci Damagaram a ƙarshen wannan wata, bayan karon Tirmini.

Misali na kusa shi ne Mubi, birni na biyu a jihar Adamawa ta Nijeriya. Boko Haram ta kame shi a ƙarshen Oktoba 2014, ta sake masa suna. A tsakiyar Nuwamba mahalba da ƴan banga, tare da sojoji, suka ƙwato shi. Rawar da mahalba suka taka ta gaske ce: sun san hanyoyi, sun san ɗan gari da baƙo, kuma sun yi ƙarfin hali a lokacin da mutane suka fid da rai. Amma ƙwato babban yankin da ƙungiyar ta riƙe sai a farkon shekara ta 2015, lokacin da sojojin Nijeriya da Cadi da Nijar da Kamaru suka fito da motoci masu sulke da jiragen sama. Sojojin Nijar da Cadi ne suka ƙwato Damasak cikin watan Maris, na Nijeriya suka ƙwato Gwoza a ƙarshen wannan wata.

Inda kuwa mutanen gari suka fita su kaɗai, sakamakon yakan yi muni. Ranar 2 ga Nuwamba 2021, a Adab-Dab cikin jihar Tilaberi, an yi wa ƴan sintirin Banibangu kwanton ɓauna, aka kashe mutum 69 har da magajin garin. Ba ƙarfin zuciya suka rasa ba. Sun fita bisa babura, nesa da garinsu, suka gamu da mutanen da suka fi su makami da sabo da yaƙi.

6. Abin da ke biyo bayan raba makamai

Akwai wata fuska da masu lissafin bindigogi ba su cika dubawa ba. Ƙungiyar mahalba ta gari ce ko ta ƙabila, ba ta ƙasa ba. In aka ba ta makamin yaƙi, tsohuwar rigimar gona da burtali da rijiya takan shiga cikin sabon yaƙin.

A Saliyo, mahalban ƙabilar Mende da ake kira Kamajo sun tsare ƙauyuka daga ƴan tawayen RUF a shekarun 1990, kuma sun tsaya wa zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah bayan juyin mulkin Mayu 1997. Amma sojojin ECOMOG, waɗanda Nijeriya ke jagoranta, su ne suka ƙwato babban birnin a watan Fabrairu 1998. Ƙungiyar kuwa ta kumbura, ta cika da samari waɗanda ba su taɓa farauta ba, ladubban sana'ar suka ɓace. Kotun musamman ta Saliyo ta tuhumi shugabansu Sam Hinga Norman, wanda ya rasu a shekara ta 2007 kafin hukunci, ta kuma sami mataimakansa biyu da laifukan yaƙi a wannan shekara.

A tsakiyar Mali an kafa ƙungiyar mahalban Dogon mai suna Dan Na Ambassagou a shekara ta 2016 domin kare ƙauyuka. Ranar 23 ga Maris 2019 aka kashe Fulani kamar 160 a Ogosagu. An zargi ƙungiyar, ta musanta, gwamnati ta ba da odar rusa ta, amma ba ta ajiye makamai ba. Irin wannan kisa yana tura ƴan'uwan mamata wajen abokan gaba, watau maganin ya ƙara ciwon. Burkina Faso ta bi wata hanya, ta yi doka a watan Janairu 2020 wadda ta sa ƴan sa-kai ƙarƙashin hukumar soja, da horon kwana 14. Doka ta ba su matsayi, amma mako biyu ba ya mayar da manomi soja, kuma su ma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun zarge su da kashe farar hula.

7. Kammalawa

Daga misalan da muka duba, amsar tambayarmu ta kasu biyu. Mahalba su kaɗai ba su taɓa hana babbar runduna cin ƙasa ba a cikin waɗannan misalai, ko a Transbal inda suke da bindigogin zamani, ko a Lugu inda suke da kwari da baka. Inda ƙasa ta tsira, kamar Finlan, mahalbin ya riga ya zama soja. Inda mamayi ya janye, kamar bayan Majuba, shi ne ya ga ribar ba ta kai wahalar ba, kuma ya dawo da ribar ta ƙaru.

Wannan bai rage darajar mahalbi ba. Aikin da ya fi kowa iyawa shi ne ya zama ido da kunnen runduna: ya nuna hanya, ya gane sawu, ya ba da labari da wuri, ya riƙe bakin gari na ɗan lokaci kafin taimako ya iso. Duk hukumar da ke son amfani da shi, tarihin nan ya nuna mata sharuɗɗa: a rubuta sunayen mutane da lambobin makamai, a sa su ƙarƙashin hafsan da zai amsa laifinsu, kada su yi aiki nesa da garinsu, kada ƙungiya ta zama ta ƙabila guda, kuma a san tun farko ranar da za a karɓi makaman. Hukumar da ba ta iya cika waɗannan ba, in ta raba bindigogi, ta ɗora wa manoma aikin da yake nata, kuma su da iyalansu ne za su fara biya.